Ni da Alhaji a tasha ta biyu

Kun dai san an yi fikinik ɗin bayan Babbar Sallah, kun kuma san wanda ya kawo shawarar manyanmu su kara da yaran 'yan Dominika na benenmu a besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da kulki. Wanda bai je ba ya ga bidiyon a guruf, har da wanda aka rage wa gudu aka ɗora masa kiɗa. Abin da ya tunzura ni na zauna rubutu shi ne masu cewa wai ban san dokar wasan ba. Ni? Ni da nake alƙalancin wasan yara duk Asabar in zafi ya shigo?

A Heritage Field da ke unguwar Bronx ta birnin New York aka yi, inda tsohon filin ƙungiyar besbol ta Yankees yake kafin su ƙaura zuwa sabon da ke tsallaken titi na 161 a 2009. Ni na ce a ɗauki ƙaramin fili na yara saboda gwiwoyin dattawa: tsakanin tasha da tasha ƙafa 60 ne maimakon 90 na manya, mai jifa kuma yana tsayawa a ƙafa 46 maimakon ƙafa 60 da inci 6. Kafin a fara na tara mutanenmu a gindin kular zoɓo na yi musu karatu dalla-dalla, kuma akwai shaidu.

Na ce ɓangare ɗaya zai baza mutum tara a fili, ɗayan kuma su riƙa fitowa bugu ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da aka rubuta, ba a tsallake layi ko da kai ne ka sayi ragon. Tashoshi huɗu ne: ta farko, ta biyu, ta uku, sai gida inda ake tsayawa bugu. In ka buga ka nufi ta hannun damanka, kuma ba a rubuta maka maki sai ka zagayo ka taka gida. In aka kashe mutum uku a ɓangarenku sai a yi musanya, ku koma tsaron fili. In kowane ɓangare ya yi bugu ya yi tsaro, zagaye ɗaya ke nan. Manya zagaye tara suke yi, yara shida, mu kuwa uku muka yanke saboda la'asar.

Na zo kan jifa. Farantin gida, wato farar robar da ke ƙasa inda ake tsayawa bugu, faɗinsa inci 17. In ƙwallo ta bi ta samansa tsakanin gwiwarka da ƙirjinka ba ka kai mata bugu ba, sitiraik ke nan. In ka kai bugu ka kuskure, ko ta ina ta bi, sitiraik ne. Uku, ka mutu. In ta kauce ka ƙyale ta, bol ke nan, in sun kai huɗu ka taka zuwa tashar farko kyauta. In ka buga ta faɗa wajen farin layin gefen fili, fawul ne, ana lissafa maka shi sitiraik har zuwa na biyu, daga nan ko goma ka yi ba ya kashe ka sai in an cafe ta a sama. Duk ƙwallon da aka cafe kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya mutu. Wadda ta bi ƙasa aka jefa ta riga ka isa tashar farko, ka mutu. Kulki kuma ajiye shi ake yi, ba a gudu da shi, ba a wurgi da shi baya inda mai cafka yake tsugune.

Sai na ɗaga murya a kan abu uku. Tashar farko kaɗai aka yarda ka zarce ta da gudu ka dawo, ta biyu da ta uku in ƙafarka ta bar su aka taɓa ka da ƙwallo, ka mutu. Ba a wuce wanda ke gabanka, wanda ya wuce shi ne matacce nan take. Kuma mutum biyu ba sa zama tasha ɗaya: ta na gaba ce, na baya in aka taɓa shi ya tafi. Alhaji yana zaune a kujerarsa yana ɓare goro, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Kun san Alhajin da nake nufi, kawun uwargida, wanda ko sunansa ba na iya kamawa.

Ban taɓa zaton zai shiga jerin ba. Aka kashe mutum ɗaya a zagaye na ƙarshe, yaran suna gabanmu da maki ɗaya tak, sai ga Alhaji ya miƙe, ya tattare hannun babbar riga a kafaɗa, ya karɓi kulki. Bai kai bugu ko sau ɗaya ba. Tsayawa kawai ya yi yana duban yaron da ke jifa, yaron kuma ya rikice don bai san inda gwiwa take a cikin wannan riga ba, ya zuba bol huɗu a jere. Alhaji ya miƙa wa mai cafka kulkin hannu da hannu, ya yi masa godiya, ya taka zuwa tashar farko.

Sai ni. Jifa ta farko na ƙyale, ta biyu ta zo daidai ɗamara, na sa mata tsakiyar kulki. Jama'a, ban taɓa bugu irin wannan ba. Ko girgiza ban ji a tafin hannu ba, wanda duk mai bugu ya san alamar an samu ƙwallo a inda ya dace ke nan. Ta tsallake kan na tsakanin tasha ta biyu da ta uku, ta faɗi a gibin da ke tsakanin masu tsaron nesa biyu, ta gangara har shinge. Irin wannan bugu ko gurgu ya samu tasha biyu, wanda ke tashar farko kuwa gida ake sa ran ganinsa. Na ajiye kulki yadda na koyar, na ɗan buɗe zuwa dama kafin tashar farko don in yi kwana ba tare da rage gudu ba, na taka kusurwarta ta ciki, na ɗago kai.

Alhaji yana rabin hanya. Tafiya yake kamar mai zuwa ɗaurin aure, hannu ɗaya a baya, ɗayan riƙe da hula.

Na take birki har ƙasa ta tashi. Ba halin in wuce shi, doka ta hana, kunya ma ta hana. Na koma 'yar sassarfa a bayansa ina magana ƙasa-ƙasa, "Alhaji, a ɗan ɗaga ƙafa. Ranku ya daɗe, a ɗan taimaka." Ya waiwayo ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Sauri kan haifi nawa, yaro." Duk da haka lissafina bai ɓaci ba, don ƙwallo tana can nesa. In ya taka ta biyu ya ci gaba, ko a wannan tafiyar zai iya kai ta uku, ni in samu ta biyu. Na ce, "Alhaji, har ta uku za a wuce." Ya ce to. Ya isa tasha ta biyu, ya ɗora ƙafafu biyu a kai, ya gyara tsayuwa, ya fara tambayar yarinyar da ke tsaron wurin ina babanta, kwana biyu bai gan shi a lif ba.

A daidai nan na hango ƙwallo ta taso. Komawa tashar farko halal ne, babu kowa a kanta, amma kusan ƙafa 60 ce a bayana, ta biyu kuwa ga ta nan taku uku. Jiki ya yi abin da ya saba. Na naɗe ƙafar hagu ƙarƙashin ta dama, na ɗaga hannaye sama don kada yatsa ya karye, na zame. Zamiya ce mai kyau, duk wanda ya san wasan ya kalli bidiyon zai faɗa. Sai dai tsoron kada in kwashe ƙafafun surukina ya sa na noƙe a ƙarshe, na ƙare a durƙushe a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye, yatsun hannuna a gefen tashar kusa da takalminsa.

Alhaji ya dafa kaina ya ce, "A'a, tashi, tashi. Ai mun gaisa ɗazu. Allah ya yi albarka."

Yarinyar nan shekarunta ba su wuce goma sha biyu ba, amma an koya mata aiki. Ta cafe ƙwallo, ta taɓa Alhaji, ta taɓa ni, wanda shi ne daidai: in ka ga biyu a tasha ɗaya ka taɓa duka, ka bar alƙali ya tantance. Alƙalin, baban ɗaya daga cikin yaran, ya nuna ni ya dunƙule hannu. Hukuncinsa daidai ne, ni ma da haka zan yanke. Na miƙe ina kakkaɓe wando, ina cewa, "Alhaji, ku tsaya nan, kada ku motsa." Shi kuwa mutumin kirki, ya ga an kori surukinsa a gaban jama'a, ya ce ai ba zai tsaya ba tunda tare aka taɓa mu. Ya sauko don ya taka mini. Ba a tsayar da wasa ba, ƙwallo tana raye a hannun yarinya. Ta miƙa safar hannunta a hankali, cikin ladabi, ta taɓa masa hannun riga. Mutum uku. Wasa ya tashi.

Yanzu bari in zo kan direban tasin nan da ya tura bidiyon guruf, don shi ne ciwon da ke raina, ba Alhaji ba. Shi muka tsayar a gefen tashar farko. Aikin mai tsayawa a nan guda ne: ya duba fili a madadin mai gudu, ya ce masa tsaya ko wuce. Da ya ɗaga hannu ya ce in tsaya, da ina tashar farko, Alhaji yana ta biyu, mutum ɗaya kacal aka kashe, ɗan gidan Hajiya mai waina da ya iya bugu yana tafe. Me yake yi a lokacin? Waya a hannun dama yana ɗauka, tsire a hannun hagu. A bidiyon ma ana jin muryarsa yana cewa "Wuce! Wuce!" da cikakken baki, amma ya yanke wannan wurin kafin ya tura guruf. Ina da na asalin, ƙanen matarsa ya turo mini.

Mutumin da duk iliminsa na besbol a rediyon mota ya same shi, yana jiran fasinja a filin jirgi. Ranar ma da safar cafke ƙwallo ya fito a hannun dama alhali da dama yake jifa, sai ya cafe ƙwallo ya tsaya cire safa kafin ya jefa. Safar kuma tawa ce. Ya are ta wa ɗansa tun wancan zafin, fata ce ta gaske, na shafe ta da mai, na sa ƙwallo a cikinta na ɗaure da igiya dare da yawa har ta yi laushi ta kama siffar hannuna. Ya bar ta a but ɗin mota ta sha sanyin hunturu, yanzu ta bushe ta ƙame, igiyar tsakanin babban yatsa da manuni ta tsinke. Da na yi magana cewa ya yi dama haka na ba shi. Kuɗin ƙanƙarar da muka raba a fikinik ɗin bara ma har yau shiru, kuma ba don kuɗin nake faɗa ba.

Alhaji ya aiko uwargida ta gaya mini wasan ya yi masa daɗi, in za a sake a sa shi a gabana kamar wancan karon, wai mun fahimci juna. Wanda ya tafi da murfin kular zoɓo, shuɗi ne, ya taimaka ya ajiye wa mai gadin benenmu.