Majalisa: kalma ɗaya, kujeru iri-iri

A labaran rana guda sai ka ji Majalisar Dattawa ta tafi hutu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da wani hari, majalisar sarki ta amince da naɗi, majalisar mulkin soja kuma ta ɗage zaɓe. Kunne ya saba, har ba ma tsayawa mu tambayi abin da ya haɗa su. A ganina abin da ya haɗa su kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan sabon yana sa mu ba wasu girman da ba nasu ba.

Daga Larabci muka aro kalmar. Majlis ta fito ne daga jalasa, wato ya zauna, don haka ma'anarta ta farko wurin zama ce. Har gobe Balaraben yankin Gulf da sunan nan yake kiran ɗakin da yake karɓar baƙi, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin gadon ɗan Adam. Sunan da Turawa ke kiran majalisarsu, wato parliament, ya samo asali daga parler na Faransanci, yin magana. Sanata kuwa daga senex na Latin, tsoho (wanda ya fara cewa Majalisar Dattawa ya iya fassara). Soviet a Rashanci shawara ce. Tamu ba ta yi alkawarin magana ko shawara ba. Zama kawai ta ce.

Shi ya sa kowa ke iya fakewa a bayanta. A 1906 'yan kasuwa da malamai a Iran suka tilasta wa Muzaffaruddin Shah ya yarda da kafa Majlis mai zaɓaɓɓun wakilai. Bayan shekara biyu magajinsa, Muhammad Ali Shah, ya sa aka yi wa gininta luguden wuta da igwa. Ba a harbin majalisar da aikinta gyaɗa kai ne. Waccan ta sa baki a kan kuɗin ƙasa da bashin da ake ciwowa daga waje, shi ya jawo mata. A Saudiyya kuwa, Majalisar Shura mai mutum 150 sarki ne ke naɗa ta gaba ɗaya, kuma abin da ta yanke shawara ce, ya ɗauka ko ya ajiye. Duka biyun majlis ake ce musu.

A Hausa cakuɗar ta ma fi haka. Tun kafin zuwan Turawa sarakuna na da mashawarta, kuma wasunsu ba 'yan amshin shata ba ne: a Kano, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki. Da tsarin mulkin Richards, gwamnan Najeriya na lokacin, ya fara aiki a 1947, aka kafa majalisar sarakuna da ta wakilai a Kaduna, kalmar ta ƙara ɗaukar kaya. Sai 1966, soja suka rufe zaɓaɓɓun majalisu, suka kafa nasu taron hafsoshi, mu kuma muka kira shi Majalisar Ƙoli ta Soja. Mai rusawa da wanda aka rusa suka tashi da suna ɗaya.

Wani zai ce ai haka harshe yake, kuma akwai alheri a ciki. Na yarda. Kalmar da ke kiran zauren sanatoci 109 da sunan tabarmar dattawan ƙofar gida tana tuna wa masu mulki cewa majalisa wuri ne da mai ƙorafi ke iya sallama ya shiga. Ba na kiran a ƙirƙiro wata sabuwa, ba ma za ta karɓu ba.

Kirana ga masu rubuta labarai ne. Duk sanda wata sabuwar "majalisar riƙon ƙwarya" ko "majalisar ceton ƙasa" ta ɓullo bayan juyin mulki, kada a tsaya a fassara sunan da ta raɗa wa kanta. A faɗa wa mai sauraro wanda ya zaunar da mutanen, da wanda zai iya tayar da su, da ko sun taɓa mayar wa shugaban takarda ba tare da sa hannu ba.