Kaduna ta juya wa koginta baya

Jama'ar Kaduna, yau a kan kogin nan namu zan yi magana. Na san wani zai ce ana fama da kuɗin buhun masara, wa yake ta yawon bakin ruwa. Ka dai karanta zuwa ƙarshe kafin ka yi min raddi.

Saboda ruwan nan aka kafa garin. Da zaman Zungeru ya ishi Turawa, sai suka nemi wuri mai ruwa wanda layin dogo ya ratsa, suka dawo da hedikwatar Arewa nan a 1917, ƙasar da Gbagyi suka daɗe suna nomawa. Amma je ka Kabala ko Unguwar Rimi ka duba yadda muke gini yanzu. Duk gidan da ke kusa da gaɓa bayansa ya ba kogin, kwatarsa ce kaɗai ke kallon ruwa. Ba ma tuna shi sai watan Agusta ko Satumba, idan ya cika ya shiga ɗakunan mutanen Kigo Road.

Abin da nake so a yi ba babba ba ne. Hanyar ƙafa ce ta zagaye, wadda mutum zai kama bayan sallar asuba, ya bi gaɓar arewa, ya haye, ya biyo ta kudu, ya dawo inda ya tashi kafin rana ta yi zafi. Kusan duk abin da ake buƙata yana nan, haɗa shi ne kawai ba a yi ba.

A tashi daga Ƙofar Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina. A cikinsa akwai 'yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan, aka kuma sanya ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Ta girmi garin da take ciki, amma tambayi 'yan sakandare goma a unguwarku ka ji nawa suka taɓa taka ta. Daga nan a gangara ta Kabala, inda fadama take. Nan ne wurin da na fi so, kuma da rani ya fi kyau: ruwa ya ja baya, duwatsun tsakiyar kogi sun fito, masu lambu suna ban ruwa wa alayyafo da latas da masarar rani, masu kwalekwale suna fito da mutane, masu haƙar yashi suna ta faman lodi. Kana tsakiyar babban birni amma sai ka rantse ƙauye ka shigo. Ganyen miyar da ake saya a kasuwa, wani daga nan aka yanko shi da sassafe, mai sayen kuma bai taɓa ganin gonar ba.

Sai a haye sabuwar gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa, a bi titin Aliyu Makama zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Legas zuwa Kano yake haɗuwa da wanda ya nufi Kafanchan da Fatakwal. Gaba kaɗan Kakuri ce, unguwar masaƙu, inda masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo bayanta, har mutane suka riƙa zuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan neman aiki. Yau injinan sun yi shiru. Daga tasha sai tsohuwar gada, ga ta jirgin ƙasa a kusa da ita, ka faɗo filin wasa na Ahmadu Bello, ka kama Constitution Road ka koma Gamji. Mai sauran ƙarfi a ƙafa ya miƙe Independence Way zuwa Lugard Hall, ya leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu ya ga gumakan Nok, ya ƙarasa Arewa House, gidan da aka kashe Sardauna a 15 ga Janairun 1966.

Me ya sa na nace sai zagaye? Domin zagaye ba shi da mai shi. Ɗan Barnawa zai fara daga ƙofar gidansa, ɗan Kabala ma haka, kuma dole kowa ya taka gefen ɗan'uwansa kafin ya koma gida. Mu daina ɓoye-ɓoye: tun rikicin 2000 da na 2002 kogin nan ya zama iyaka. Musulmi da yawa sun tattara sun koma arewacin kogin, Kirista sun koma kudancinsa. Akwai samarin da aka haifa bayan wannan, yanzu sun isa aure, waɗanda ba su san ɗaya gefen ba sai ta tagar mota. Ba na cewa hanyar ƙafa za ta sasanta abin da malamai da fastoci da kwamitoci suka daɗe suna fama da shi. Amma wanda kuke gaisawa kowace Asabar a kan gada, ka san fuskarsa ya san taka, da wuya a zo rana ɗaya a ce maka dodo ne ka yarda.

A Ingila irin wannan yawo tsohuwar al'ada ce, kuma doka ce ta riƙe shi. Akwai hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonakin mutane, an zana su a taswirar hukuma, mai gona ba shi da ikon toshewa. Ba kyauta aka ba su ba. A 1932 sai da aka ɗaure wasu matasa bayan sun hau tsaunin Kinder Scout ba da izinin masu ƙasar ba, dokar da ta sa a yi rajistar hanyoyin kuma ta zo a 1949. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Burtali ke nan: hanya ce ta kowa da ta ratsa gonaki, manomi ya san iyakarsa. Mun kuma ga abin da ya biyo baya da aka bari gonaki da gine-gine suka cinye burtalai.

Za a ce tsaro fa? Gaskiya ne, bakin kogi akwai 'yan shaye-shaye da masu ƙwacen waya, ni ma ba zan tura ƙanwata can da magariba ba. Sai dai kangon wuri ne ke tara su. Inda mai shayi ya kafa tebur, dattawan da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini suka baro Murtala Square suka zo, malamai suka kawo ɗalibai, ɓata-gari da kansu suke canza sheƙa. Za a ce ambaliya? Ai ita ce babbar hujjata. Ƙasar da ruwa ke hawa duk shekara ba ta gida ba ce. Hanya da bishiyoyi da lambu in ruwa ya rufe su mako biyu zai janye a share a ci gaba, ba wanda zai kwana a makarantar firamare da katifa a ka.

Tsorona ɗaya ne, kada a ji wannan a mayar da shi kwangila: a kori masu lambu, a zuba siminti, a kafa ƙofa da mai yankan tikiti. In aka yi haka an kashe abin tun kafin a haife shi. Masu lambu da masu fito su ne abin kallon, su ne kuma masu gadin. Abin da ya kamata hukumar tsara birni da masu unguwanni su fara yi shi ne su bi gaɓar nan da ranin bana, su auna, su kafa duwatsun iyaka, a rubuta cewa wannan zirin na jama'a ne, ba a yanka fuloti a cikinsa. Alluna masu bayanin tarihi da Hausa da Turanci, da benci, da fitilu, duk za su iya jira. Gaɓar ce ba za ta jira ba, don duk shekara sai an ga sabuwar katanga ta ƙara matsowa bakin ruwa.