Ni da Tagar Hayis

Kun dai san Hayis ɗin nan tawa, wadda tun zamanin Abacha take shan titi kafin ta faɗo hannuna. Da ruwan Agusta ya kankama sai tagar gefe, ta bayan direba, ta fara yoyo. Ranar da muka dawo biki daga Wudil Hajiya ce a wannan kujerar. Ta sauka da gefen zane sharkaf, ta ce min "Allah ya ƙara arziki". Sai a gida maman yara ta yi min fassara.

Fanel-bita ya ce sai an cire tagar, a kankare tsatsa, a sa wata roba. Da ya faɗi kuɗin aiki na tuna ni ma Allah ya ba ni hannu biyu. Na shiga Ƙofar Ruwa na samo roba 'yar Kwatano, na haɗo da silikon da bindigarsa.

Aikin robar ya tafi daidai, kuma ina so a rubuta wannan tunda babu mai faɗa. Tsohuwar robar, rana ta gama cinye ta, ana taɓawa tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli. Na bi bakin ƙarfen da samfefa, na shafa jan fenti. Sai a zura igiya cikin kwarmin robar ta zagaye, a shafa ruwan omo, wani ya danna daga waje, kai kana ciki kana jan igiyar a hankali leɓen robar yana hawa kan ƙarfe. Ɗan yayana ya danna, na ja, taga ta zauna daram. Igiyar shanyar maman yara na yanko, amma wannan shari'a ce daban, ba a gama ta ba.

Ina zagaya aikina sai na hango wasu 'yan ramuka a ƙasan layin da gilashi ke gudu a kai, ta waje. Na ce ashe ga ɓarawon. Mota tana yoyo, ga rami, me mai hankali zai yi? Na ɗura musu silikon, na shafe da yatsa, tsaminsa yana hawa min kai. Na bar shi ya kwana.

Washegari Juma'a. An sauko masallaci, majalisa ta cika maƙil, ina cikin farar shadda ta sha sitaci. Na ce jama'a ku zo ku ga aikin da aka so a karɓe min kuɗi a kai. Na shiga na zauna a kujerar Hajiya, na sa aka ja ƙofa. Yaron ya hau benci da bokiti.

"Kawu, duka?"

"Duka! Kwara!"

Ya kwara. Shiru, ko ɗigo babu. Na ɗaga wa majalisa babban yatsa, har mai shayi ya tafa. Ina cikin murmushin nan na ga ruwa yana taruwa a layin gilashi, yana hawa a hankali, ba shi da hanyar fita. Na zuba masa ido, wallahi na zaci zai tsaya. Sai ya tsallako gaba ɗaya ya sauka a cinyata, da dattin shekaru da ya kwaso, da wani tsinken sakace da ban san na wane fasinja ba ne.

Na kai hannu in zuge gilashi, ashe silikon ya kama gefensa. Na juya ƙofa, ku kuma kun san ƙofar nan ta waje kaɗai take buɗuwa tun bara. Ina buga gilashi ina cewa "ya isa", yaron ya ga hannu yana motsi ya ɗauka ƙari nake nema. Ya ruga ya ciko na biyu. Wannan ma bai rage ko kofi ɗaya ba, yaron akwai biyayya a inda ba a buƙata.

Da aka buɗe min na fito, inda ruwan ya jiƙa ba wurin da mutum zai tsaya yana bayani ba ne. Daidai lokacin kuma 'yan babban masallaci suke wucewa, waɗanda ba su ga farkon abin ba. Wani dattijo ya kalle ni, ya kalli wandon, ya ce "Sannu, Allah ya ba da lafiya."

Sai a nan tsohon direban tirelarmu ya miƙe. Ya gama tauna goronsa tsaf, ya zari tsinke daga tsintsiyar mai shayi, ya tsokale silikon ɗin, ruwa ya tsiyaye waje.

"Ɗana, wannan ai magudana ce. Ba mantuwa Japanawa suka yi ba."

To ni abin da ya tsaya min a rai ke nan. Jiya bawan Allahn nan yana zaune a kan bencin nan tun daga farko. Shi ya riƙe min murfin silikon! Har cewa ya yi "ga wani can ka tsallake". Mutumin da kullum yake ba mu labarin yadda ya sauke giya shi kaɗai a dajin Birnin Gwari, yau bai san magudana ba sai da na jiƙe? Kuma jek ɗina yana wajensa tun kafin azumi. Duk ranar da na tambaya sai ya ce yaro ya fita da mukullin shago. Wane shago, Baba? Shagon da ka ba mai cajin waya haya?

Yanzu labarin ya zama nasa, yana ba da shi da ƙari. Wai na yi "wayyo Allah". Ban yi ba, salati na yi, akwai shaidu. Wai kuma shi ya gyara tagar, alhali tsinke kawai ya soka.

Taga dai ta daina yoyo. Ƙofar baya ce ta fara, amma can buhuna nake sawa. Wanda ya ga Baba ya yi masa maganar jek ɗin, ni na gaji.