Gano ma'adinai daga sama ba ya kawar da dogaro da China

Tun bayan da China ta ƙara tsaurara ƙa'idojin fitar da wasu daga cikin ma'adinai 17 da ake kira "rare earths" a watan Afrilun 2025, waɗanda ake ƙera maganaɗisun motocin lantarki da jiragen yaƙi da wasunsu, ƙasashen yamma suka duƙufa wajen neman inda suke kwance, kuma fasahar binciken ta yi nisa ƙwarai. Tauraron ɗan Adam na EnMAP da Jamus ta harba a 2022 yana karanta hasken da duwatsu ke mayarwa, har ya iya nuna alamar niyodimiyam, ɗaya daga cikin ma'adinan, a mahaƙar Mountain Pass da ke Kalifoniya. Jiragen sama kuma suna auna tururin nukiliya da sinadarin toriyam ke fitarwa, sinadarin da galibi yake tare da waɗannan ma'adinai, yayin da ƙirƙirarriyar basira ke tace tsofaffin bayanan bincike domin nuna wa masu haƙa inda ya dace su soka bututu.

Wannan ci gaba ne na gaske, amma a ganina an kambama shi fiye da kima. Ma'adinan ba su yi ƙaranci a doron ƙasa ba, a warwatse suke, kuma wahalar tana wajen raba su da juna, aikin da ke cin ruwan asid da makudan kuɗi, ya bar dattin da ke gurɓata muhalli. China ce ke tace kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi, ita kanta Mountain Pass ta shafe shekaru tana tura abin da ta haƙo can domin tacewa. Da kamfanin haƙar ma'adinai na LKAB ya sanar da gano sama da tan miliyan ɗaya na waɗannan ma'adinai a Kiruna ta ƙasar Suwidin a 2023, da bakinsa ya ce sai an yi shekaru 10 zuwa 15 kafin a fara haƙa.

Darasin ya shafi Najeriya kai tsaye, domin yashin da masu haƙar kuza suka bari a tsaunukan Jos yana ɗauke da monazayit, dutsen da ke ƙunshe da waɗannan sinadarai. Taswira mai kyau za ta jawo masu saye, amma muddin babu matatar da za ta sarrafa shi a gida, ɗanyensa za a ci gaba da durawa a buhu, masu wanke yashin kuma su ci gaba da shaƙar ƙurar toriyam ba tare da kariya ba.