Leonardo a bakin wa?

Don Allah ku daina turo min hoton yarinyar nan mai kitso, wai "zanen Leonardo da Vinci da aka saya kusan dala dubu 20, yanzu ya haura miliyan 100". Ya haura a aljihun wa? Wa ya ciro kuɗin ya biya? Babu kowa. Mai kaya ne da magoya bayansa suka yanka farashi, jaridu suka ɗauka, ku kuma kuna ta "ikon Allah" a ƙarƙashi.

La Bella Principessa, wato sunan da aka raɗa wa zanen, ga labarinta. A 1998 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da ita a New York kan dala 21,850, a matsayin aikin wani Bajamushe na ƙarni na 19. Wadda ta saya, Kate Ganz, dillaliyar zane ce da ta san kan sana'arta. Ta riƙe shi shekaru, ta sake shi a 2007 kusan a kuɗin da ta saya. Sai da ya shiga hannun Peter Silverman, wani mai tara zane-zane, sannan ya zama Leonardo. Wato duk idanun da suka kalle shi a baya makafi ne. To madalla.

Na san abin da za ku ce: ai kimiyya ta tabbatar. Me ta tabbatar? Gwajin da aka yi ya nuna fatar da aka yi zanen a kanta ta tsakanin 1440 da 1650 ce. Shekarun fata ke nan, malam, fata ba ta faɗin wanda ya riƙe allin. Eric Hebborn, wani ɗan jabun zane na Ingila, ya shafe shekaru yana sayen tsofaffin takardu yana zane a kansu, manyan dillalai suna karɓa hannu bibbiyu. Za ku ce layukan inuwar na bahago ne, Leonardo kuwa bahago ne. Duk mai niyyar kwaikwayon Leonardo, abu na farko da zai koya ke nan. Tambarin yatsan da aka yi ta shela wai na Leonardo ne a jikin zanen fa? Masu goyon bayan zanen da kansu sun daina dogaro da shi.

Ban raina Martin Kemp, jagoran masu cewa zanen na Leonardo ne, ba, wallahi. Farfesa ne na Oxford mai ritaya da ya ƙarar da rayuwarsa a kan Leonardo, kuma hujjarsa ta ƙananan ramukan ɗinki guda 3 a gefen hagu na fatar, waɗanda ya ce sun dace da wani tsohon littafin gidan sarautar Sforza na Milan da ke ajiye a Warsaw, wato daga cikinsa aka ciro zanen, hujja ce mai nauyi da ta cancanci a saurara. Amma mutum ɗaya, komai girmansa, ba ya ɗora wa zane suna. Carmen Bambach, masaniyar zanen Leonardo ta gidan tarihin Metropolitan da ke New York, ba ta yarda ba. National Gallery ta Landan ta yi gagarumin baje kolin Leonardo a 2011, ba ta saka shi ba. Kuma babu wata takarda da ta ambaci zanen kafin ƙarni na 20. Ina ya shige sama da shekara 400?

A kara ma ba a sayen sa da yabon dillali, sai an buɗe baki an duba haƙora.

In kuna son ganin suna da ya zauna, ku dubi zanen Michelangelo da aka sayar a Paris a 2022. A 1907 an yi gwanjonsa a matsayin aikin almajiransa, aka gano shi a 2019, gwamnatin Faransa ta hana fitar da shi na wani lokaci, daga ƙarshe wani ya ajiye yuro miliyan 23. Ga masana, ga mai saye. Principessa fa? Sai labari.

Af, da Shaun Greenhalgh, ɗan jabun Ingila da ya sha ɗauri, ya fito a 2015 ya ce shi ya zana ta a 1978, wai wata mai karɓar kuɗi a kanti a Bolton ya kwaikwaya. Shi ma ban gaskata shi ba, maƙaryaci ne mai lasisi. Abin da ke ba ni mamaki kawai shi ne yadda mutumin nan ya riƙa ƙera kayan tarihi a ɗan rumbun bayan gida, iyayensa tsofaffi suna kai wa gidajen tarihi suna karɓo kuɗi. Tsohon har a keken guragu yake zuwa ciniki!