Kututturen da ke gonarka ya fi dashen ranar biki

Duk shekara idan damina ta kankama, jihohin arewacin Najeriya kan yi bikin dashen itatuwa. A kafa rumfa, babban baƙo ya sa dashe a rami, a zuba ruwa, a ɗauki hoto, a sanar da dubban itatuwan da za a raba. Wanda ya koma wurin da bazara yakan tarar da ramuka ne kawai, awaki sun cinye wasu, ƙishi ya kashe sauran. Abin yana yi mini ciwo, ba don kuɗin da aka kashe kaɗai ba. Irin wannan biki yana koya wa jama'a cewa raya ƙasa aikin hukuma ne na yini guda, alhali shaidar da muke da ita a ƙasar Hausa ta nuna akasin haka.

Na san amsar da mutane da yawa ke bayarwa idan aka ce kowa yana da alhaki a kan muhalli. Sai su ce masana'antun Amurka da Turai da Chana ne suka ɗumama duniya, Afirka gaba ɗayanta abin da take fitarwa na iskar da ke ɗumama yanayi bai kai kashi 4 cikin 100 ba, to me talakan Yusufari ko Maigatari ya yi? Wannan gaskiya ce, kuma dole a ci gaba da faɗa wa manyan ƙasashe ita a duk taron da aka zauna. Amma ba masana'antar Jamus ce ta sare ƙiryar da ke bakin gonar kakanka ba, ba ita ce ke loda buhunan gawayi daga dazukan Bauchi da Kaduna zuwa Kano ba. Zafin rana da rikicewar damina sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Tsiraicin ƙasar da ruwan zai sauka a kanta kuwa da hannunmu muka yi shi, da hannunmu kuma ake iya gyara shi. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun gwada.

A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal. Malaman gona sun daɗe suna koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, ba kututture ba tsiro. Doka kuma ta ce itace na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonarka ya fito, kuma ma'aikatan gandun daji na iya cin ka tara idan ka sare reshe. To wa zai raini abin da ba nasa ba, wanda kuma zai jawo masa tara? Sai manomi ya riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Iska ta samu hanya, tana binne shuka da rairayi, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku kafin gero ya kama. Mata kuma suna tafiya mai nisa neman icen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona.

Wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi shekaru yana raba dashe a yankin, akasarinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan kurmin da ake gani barbaje a gonaki ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, sun riga sun kai ga danshi. Dabarar da ta biyo baya, wadda ake kira sassaben zamani, ba ta buƙatar komai sai wuƙa ko lauje. Lokacin sharar gona, maimakon ka sare tohon duka ka cinna wuta, sai ka zaɓi biyu ko uku ko biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran, ka rage ƙananan rassan ƙasa, ka tsare su daga dabba. Da yake saiwar tsohuwa ce, cikin 'yan shekaru tohon ya wuce tsawon mutum, abin da dashen leda ba zai yi ba.

Ba a karɓi abin da hannu biyu ba. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, manoma suka bar itatuwan don su samu hatsi, da rabon ya ƙare da yawansu suka sare. Waɗanda suka bari an yi musu kallon malalata masu ƙazamar gona. Su ne daga baya maƙwabta suka ga suna da icen girki a ƙofar gida, da harawar dabba a tsakiyar rani, da geron da iska ba ta binne ba. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona, manomi na koya wa manomi. Bayan kimanin shekara 20, masu bincike da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Ba a dasa su ba. An bar su ne suka rayu.

A cikinsu gawo ne sarki, musamman a ƙasar Damagaram wajen Magarya da Matamaye da Mirriya. Duk manomi ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Je ka dubi geron da ke gindin gawo da wanda ke can nesa da shi, zangarniyar kaɗai ta ishe ka bayani. Ga kalgo da sabara da aduwa da magarya, kowanne da ranarsa a tukunya ko a wajen magani.

Kwatanta wannan da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai aka cim ma na hekta miliyan 100 da aka yi niyya. Ba ina cewa a watsar da shirin ba ne. Ina cewa itace ba ya rayuwa sai yana da mai shi.

A nan ne alhakin mutum da na hukuma suke haɗuwa. Manoman Nijar sun dage ne a lokacin da suka tabbata icen zai zama nasu: hannun ma'aikatan daji ya sassauta, aka gyara dokar gandun daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa. A wannan ɓangaren iyaka kuwa har yanzu mai noman aro ko haya ba shi da dalilin barin toho, tunda baɗi ana iya karɓe gonar. Wannan magana ce da masu unguwanni da dagatai za su iya warwarewa a zauren gari, a rubuta cewa wanda ya raini itace yana da rabo a cikinsa ko gonar ta koma hannun mai ita.

Batun gawayi kuma yana son adalci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa da suka saba da gas ko kananzir suka koma gawayi da ice. Matar da ke sayen gawayin ƙulli don ta dafa wa yara tuwo ba ita za a tsare da wa'azi ba, ita ce ma ke shaƙar hayaƙin. Haramta gawayi da wasu jihohi ke sanarwa, ba tare da an samar mata abin da za ta girka da shi ba, tsada kawai yake ƙara mata. Murhu mai tsimin makamashi da gas mai sauƙin kuɗi su ne haƙƙinta a kan gwamnati.

Wanda nake tuhuma shi ne mai hali. Shi ne ke sayen fili a sabuwar unguwa, abu na farko ya sa a sare tsamiya ko darbejiyar da ya tarar, ya malale tsakar gidan da siminti daga bango zuwa bango, sannan ya kunna janareta don na'urar sanyaya ɗaki. Shi ne ke sayen ɗaruruwan kadada a ƙauye ya turo katafila ta tuge ɗorawa da kaɗanya da suka girmi mahaifinsa, saiwa da komai, yadda ko toho ba zai sake fitowa ba. Shi ne dillalin da ke ba matasan ƙauye kuɗin somin-taɓi su kwantar da marke da ƙirya ɗanyu. Duk waɗannan sun san hadisin da ya ce Musulmi ba zai dasa itace ba, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi, face an rubuta masa ladan sadaka. Ya kamata limamai su riƙa faɗa musu ɗaya gefen, cewa hana mutum da tsuntsu da dabba wannan abincin ma abin tambaya ne.

Sharar gona ta bana tana tafe. Daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, ko daga Maigatari zuwa Dungas, tafiya ce ta ɗan lokaci, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya, dangi ne ma a tsakani. Ƙungiyoyin manoman Katsina da Jigawa da Yobe su tura mutanensu su ga yadda ake zaɓen toho da yadda ake riƙe wuƙar, ƙananan hukumomi kuma su ɗauki kuɗin rumfar bikin dashe su biya musu motar.