Dare biyar, awa 12

Ni dai ban kama sunan kowa ba. Amma tunda yau an iya miƙewa a taro, gaban shef, an ce tablo ɗina na Excel, wanda ake lissafin awoyin aiki da shi, "na zamanin da ne", to bari a ɗan tuna wa juna wani zamanin da bai yi nisa ba. Ƴan biro sun san watan da nake nufi.

Baba mai gadi yana kama aiki ƙarfe 7 na yamma, ya sauka ƙarfe 7 na safe. Ya yi dare biyar a jere cikin hunturun Damagaram, yana taka kekensa tun daga Garin Malam. Ko ɗan lakwal aka tambaya zai ce awa 60. Tablon zamani ya ce awa 12. Dare biyar, awa 12. A haka aka buga shi, aka sa hannu, aka miƙa wa mai biya.

Ga masu son ƙaruwa, ga yadda abin yake, masu zuwa kallo kuma ku ɗan jira. Excel ba ya ajiye lokaci yadda ido ke ganinsa. A wurinsa awa 24 ita ce 1, awa 12 ita ce 0,5, awa 6 kuwa 0,25. In aka bar gidan jimla, wato ɗan akwatin tablo da jimlar ke fitowa a ciki, da siffar h:mm (awa da minti), an ce masa ke nan ya faɗi ƙarfe nawa, shi kuwa agogo da ya kai 24 sai ya koma sifili. Awa 60 kwana biyu ne da rabi, sai ya ɓoye kwana biyun ya nuna rabin. Gyaran bai kai a sha shayi ɗaya ba: a danna Ctrl da 1, a shiga Personnalisée, a rubuta [h]:mm. Waɗannan baka biyu masu kusurwa da suka kewaye h su ne ke hana shi zagayowa, nan take 60:00 ta fito. Sai dai wannan sai wanda ya zauna ya koya, ba wanda ya je Yamai horon mako guda ya dawo da sabuwar jaka da takardar shaida ba.

Kuɗin ne ma ya fi ƙona mini rai. A ce awa ɗaya dala arba'in ce, sefa 200. Haƙƙin Baba jikka 12 ne. Aka ɗauki gidan jimlar aka ninka da 200 kai tsaye, alhali abin da ke kwance a ciki 2,5 ne. Me ya fito? Sefa 500. Dala ɗari, wa dattijo mai iyali. Sai an fara ninka lokacin da 24 ya zama awoyi, a mai da gidan siffar lamba, sannan a ninka da kuɗin awa. To ko Excel bai yi magana ba, ke zuciyarki ba ta ce miki komai ba da kika ga dala ɗari?

Af, na ce "ke". To, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sauran ƙananan abin kunya ba sai na daɗe a kansu ba. Ana rubuta 7,45 wai awa bakwai da minti arba'in da biyar, a haɗa biyu a samu 14,90 maimakon 15:30, ban san a wane rumfa na Kasuwar Dole ake sayar da agogo mai minti 90 ba. Ana rubuta 7h30 irin ta takardar gayyatar biki, Excel ya ɗauke ta rubutu, ta lafe a hagun gida, SOMME, dabarar da ke haɗa jimla, ta tsallake ta kamar ba ta nan. Ana son minti 45 a buga 45:00, a ba mutum awa 45 kyauta, alhali 0:45 ake so. Ranar da aka cire 19:00 daga 7:00 gidan ya cika da #####, ina kallo ana ta jan layi ana faɗaɗa shi har ya kusa cinye allon, lokaci ne ya faɗa ƙasa da sifili, dabarar MOD ce maganinsa, a rubuta =MOD(lokacin sauka-lokacin shiga;1).

Wa ya zauna har bayan isha'i yana kwance wannan ƙulli gida bayan gida? Wa ya je ya ba Baba haƙuri, ya ce masa kuskuren na'ura ne, don kar sunanki ya fita ƙofar biro? Na rufa miki asiri, ko shef ban gaya wa ba, yau ki tashi da jan baki kina ce wa aikina tsoho? Wallahi abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Tablona ba shi da launi bakwai, gaskiya ne, amma bai taɓa cewa dare biyar awa 12 ba ne.

Na watan nan yana nan tafe hannunki. Na kulle duk gidajen lissafi, kuma kar a aiko mini yaro neman lambar sirri. Mai so ta tako da ƙafarta.